Zuciyar Haihuwa da Zuciyar Dashe a Fagen Motsa Jiki

Likitan da ke dashen zuciya a yau yakan yi ɗinki biyar kafin sabuwar zuciya ta zauna a ƙirjin mara lafiya. Zai haɗa ɗakinta na sama na hagu da ragowar na tsohuwar, inda jinin huhu ke shigowa. Zai haɗa manyan jijiyoyi biyu masu dawo da jinin jiki, ya haɗa wadda ke kai jini huhu, sannan ya haɗa babbar jijiyar da ke raba jini ga jiki duka. Da jini ya ratsa ta ta ɗumama sai ta kama bugawa, wani lokaci da kanta, wani lokaci sai an ɗan taɓa ta da lantarki. Amma akwai abin da wuƙa ta yanke a ranar wanda allura ba ta iya mayarwa, wato siraran jijiyoyin saƙo da ke tsakanin zuciya da ƙwaƙwalwa. Tun ranar 3 ga Disamba 1967, da Christiaan Barnard ya yi dashen farko a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town a Afirka ta Kudu, har zuwa yau, kowace zuciyar dashe tana fara aiki ne ba ta jin umarnin ƙwaƙwalwa kai tsaye.

Daga wannan yankan ne bambancin zukatan biyu ya samo asali. Ba a cika ganinsa ba idan mutum yana kwance a gadon asibiti. Sai ya miƙe, ya hau bene, ya ɗauki kaya ko ya taka keke, halin kowace ke fitowa fili.

A zaune

Kowace zuciya tana da wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta a saman ɗakinta na dama, shi ne ke kunna kowane bugu. Idan an bar shi da halinsa, kusan sau 100 zai buga a minti. Abin da ya sa mai lafiya yake zaune da bugu 60 zuwa 80 shi ne wata doguwar jijiyar saƙo da ke saukowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta wuya, wadda likitoci ke kira bagus. Aikinta riƙe zuciya, dare da rana. Akwai kuma wasu jijiyoyin da ke fitowa daga gefen ƙashin baya, su aikinsu zaburarwa. Zuciyar haihuwa doki ce mai linzami da ƙaimi: bagus ce linzamin, jijiyoyin zaburarwa su ne ƙaimin, mahayin kuwa yana aiki da duka biyun cikin ƙiftawar ido.

Mai karatu zai iya jin aikin bagus a jikinsa yanzu. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ka ja numfashi a hankali, za ka ji bugun ya ɗan ƙara sauri. Ka sake shi, za ka ji ya lafa. Ga matashi abin ya fi fitowa sosai. A zuciyar dashe wannan hawa da saukar kusan babu shi. Tana bugawa sau 90 zuwa 110 a minti ko da mai ita yana hutawa, tazarar bugu da bugu kusan ɗaya, kuma ko a barci ba ta sauka yadda ta haihuwa ke sauka. Ma'aikaciyar jinya da ba ta san tarihin mutumin ba za ta iya ganin 100 ta zaci zazzaɓi ne ko ƙarancin jini, alhali nan ne mazaunin wannan zuciyar.

Duk da haka, a zaune zukatan biyu suna sauke nauyi ɗaya. Jiki na buƙatar kimanin lita 5 na jini a kowane minti. Ta haihuwa tana tura kimanin mililita 70 a kowane bugu, sau 70. Ta dashe tana tura ƙasa da haka a bugu ɗaya, ta cike gibin da yawan bugawa.

Da an fara motsi

A nan ne tazarar ta fi faɗi. Mai zuciyar haihuwa bai gama ɗaga ƙafa zuwa matakalar farko ba, ƙwaƙwalwa ta riga ta sassauta riƙon bagus, bugun ya tashi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kai, tunanin gudun kaɗai ya isa ya ɗaga shi, shi ya sa ɗan tsere ke jin ƙirjinsa na dukan uku-uku tun kafin a busa usur. Idan aikin ya ƙaru, jijiyoyin zaburarwa su karɓa, su ƙara sauri, su ƙara ƙarfin matsa jini.

Mai zuciyar dashe kuwa zai hau matakala goma bugunsa na nan inda yake. Tsokar ƙafafunsa na kiran jini, zuciyar ba ta ji ba tukuna. Abubuwa biyu ne ke ceton sa. Na farko wata ɗabi'a ce ta tsokar zuciya da Otto Frank na Jamus da Ernest Starling na Ingila suka bayyana fiye da shekara 100 da suka wuce: gwargwadon yadda zuciya ta cika da jini ta miƙe, gwargwadon ƙarfin matsawarta. Ƙafafu na motsi suna matse jijiyoyin jini, jini ya dawo ƙirji da yawa, zuciyar ta cika sosai, ta tura da yawa a bugu ɗaya. Wannan ba ya buƙatar wata jijiyar saƙo. Na biyu shi ne sinadaran adirinalin da dangoginsa, waɗanda wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda da kuma sauran jijiyoyin jiki ke zubawa cikin jini. Su ma suna zaburar da zuciya, amma sai sun taru, jini ya kai su. Wannan yakan ci mintuna. Saƙon da zuciyar haihuwa ke samu nan take, ta dashe sai ta jira shi ya biyo jini.

Waɗanda aka yi wa dashe da tsohon salon da Norman Shumway da Richard Lower suka tsara a Jami'ar Stanford a 1960 sun nuna wannan ƙarara. A wancan salon ana barin bayan ɗakunan saman tsohuwar zuciya, tare da ɗan gungun nan mai kunna bugu, kuma jijiyoyin saƙonsa na nan lafiya. Sai a ga alamun kunnawa iri biyu a takardar awon zuciya. Idan gaban mutumin ya faɗi, tsohon gungun zai ƙara sauri nan take, amma saƙonsa ba ya tsallake layin ɗinki. Sabuwar zuciyar na nan tana tafiyarta, sai adirinalin ya iso.

A tsananin aiki, da bayan an tsaya

Ƙiyasin da aka saba yi shi ne a cire shekarun mutum daga 220 don a san ƙololuwar bugunsa. Ɗan shekara 40 mai lafiya ke nan zai iya tashi daga 70 zuwa wajen 180, tazarar bugu 110 da zai yi aiki da ita. Takwaransa da aka yi wa dashe bara yana farawa daga 100, sau da yawa ya tsaya wajen 130 ko 140. Ƙasansa ya hau, samansa ya sauko, filin da ya rage masa ya ƙuntata. Ga shi kuma zuciyar dashe takan ɗan yi tauri, ba ta saki ta cika da sauƙi idan ana sauri, saboda sa'o'in da ta yi cikin sanyi babu jini, da tabon da yaƙin garkuwar jiki ke bari, da hawan jini.

Da an tsaya kuma sai lamarin ya juye. Bagus ta mai lafiya tana kama aiki nan da nan. Saukar bugun a mintin farko ma har ma'aunin lafiya ce: wani bincike da aka yi a asibitin Cleveland na Amurka, aka buga a 1999, ya nuna cewa waɗanda bugunsu bai sauka da fiye da 12 ba a mintin farko sun fi shiga haɗarin mutuwa a shekarun da suka biyo baya. Zuciyar dashe ba ta bin wannan ƙa'ida ko kaɗan. Mai ita zai sauka daga keke ya zauna, bugun na nan a sama, wani ma sai bayan ya tsaya ne yake kaiwa ƙololuwa, domin adirinalin bai gama wankewa daga jini ba. Haɗarin da ke nan shi ne tsayawa farat ɗaya. Ƙafafu sun daina matso jini, jijiyoyin tsoka a buɗe suke, jini ya taru a ƙasa, zuciyar da ta dogara da cikowa ta rasa abin turawa, sai jiri, wani lokaci har faɗuwa. Haka ma idan ya zabura ya miƙe daga kwance.

Darasin karnukan tsere

Tun kafin dashen farko, masu bincike a asibitin Mayo na Amurka, cikinsu har da David Donald da John Shepherd, sun so su san ko zuciyar da ba ta da jijiyoyin saƙo za ta iya ɗaukar gudu. A farkon shekarun 1960 suka yanke waɗannan jijiyoyin a jikin karnukan tsere, suka bar su suka warke, suka mayar da su fili. Karnukan suka yi gudu kusan yadda suke yi a da, da ɗan jinkiri kaɗan. Daga baya aka ba su maganin da ke toshe tasirin adirinalin a kan zuciya. Karnukan da jijiyoyinsu ke nan lafiya maganin bai rage musu wani abin kirki ba. Waɗanda aka yanke wa kuwa gudunsu ya lalace, suka ƙare a galabaice.

Wannan gwajin ya faɗi abu biyu. Zuciya tana da hanyoyi fiye da ɗaya na amsa kiran jiki, idan aka rufe ɗaya sauran za su ɗauki mafi yawan nauyin. Amma wanda ya rasa hanya ɗaya ba shi da rarar da zai rasa ta biyu. Shi ya sa likitoci ke taka-tsantsan wajen ba mai zuciyar dashe irin wannan maganin, wanda ga sauran masu ciwon zuciya abin yau da gobe ne. Haka kuma allurar atirofin, da ake yi wa wanda bugunsa ya yi ƙasa sosai, ba ta tsinana komai a nan, domin aikinta kwance riƙon bagus ne, ita kuwa wannan zuciyar babu mai riƙe da ita.

Akwai bambanci guda da ya fi waɗannan tayar mini da hankali. Jijiyoyin da aka yanke ba umarni kaɗai suke kaiwa ba, su ne ke dawo da ƙorafi. Zuciyar haihuwa idan jini ya gaza mata tana ciwo, ƙirji ya ɗaure, mutum ya tsaya. Zuciyar dashe takan yi shiru. Ga shi kuwa jijiyoyin jininta suna da wata cuta tasu ta kauri da ƙuntatawa a hankali, wadda ake samu a kusan rabin masu dashe bayan shekara 10. Alamarta sau da yawa gajiya ce kawai, ko haki a aikin da jiya bai sa haki ba. Don haka ne ake ɗaukar hoton waɗannan jijiyoyin lokaci-lokaci ko da mutum ba ya jin komai.

Laifin zuciya nawa ne, na tsoka nawa?

Ana auna ƙarfin jiki ne da gwaji guda. A ɗora mutum a keken motsa jiki, a manna masa wayoyi a ƙirji, a rufe masa hanci da baki da abin da ke auna numfashi. Kowane minti a ƙara wa fedar nauyi, har ya ɗaga hannu ya ce ya gaji. Abin da ake nema shi ne iyakar oksijin da jikinsa ya iya sha a minti, a kan kowane kilo na nauyinsa. A wannan ma'aunin, mafi yawan masu zuciyar dashe suna tsayawa ne tsakanin rabi da kashi 70 cikin 100 na abin da sa'anninsu masu lafiya ke kaiwa. Idan da kwatancin ya tsaya nan, da sai a ce zuciyar haihuwa ta yi nasara, a tashi.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ba daga lafiya mutumin ya fito ya shiga ɗakin tiyata ba. Duk wanda ya taɓa jinyar mai gazawar zuciya ya san kamanninta: ƙafafu sun kumbura, ba a iya kwanciya sai a jingine, daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai an huta. Mu a ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne, domin gazawar zuciyar masu jego, wadda likitoci suka yi rubutu a kanta daga Zariya tun shekarun 1970, ta fi yawa a nan fiye da mafi yawan sassan duniya. Tun daga binciken Donna Mancini na 1991, idan awon oksijin ɗin nan ya sauka zuwa mililita 14 ko ƙasa, alama ce ta lokacin tunanin dashe ya yi. Wanda ya shekara biyu ko uku a wannan halin tsokarsa ta zube, ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita sun ragu, ikonta na amfani da oksijin ya yi rauni. An canza masa zuciya cikin sa'o'i, amma da tsofaffin ƙafafunsa ya farka.

Magungunan da ke hana jiki ƙin sabuwar zuciyar su ma suna da nasu kason. Furedinisolon yana cinye tsoka, musamman ta cinya, yana kuma rage ƙarfin ƙashi. Saikulosforin, wanda zuwansa a farkon shekarun 1980 ne ya mai da dashen zuciya aikin da ake dogara da shi, da magajinsa takurolimus, suna kawo hawan jini, suna wahalar da ƙoda. Idan aka tara duk wannan, za a ga cewa jinkirin bugu kaso ɗaya ne kawai na gibin. Sauran yana cinya da ƙwauri, kuma wannan kason yana gyaruwa.

An gwada, an gani. A 1999 Jon Kobashigawa da abokan aikinsa a Los Angeles suka raba masu sabon dashe 27 gida biyu. Rukunin da aka yi wa tsararren atisaye na wata shida ƙarfinsu ya ƙaru da kashi 49 cikin 100, waɗanda aka bari da motsin gida kuwa da kashi 18. Shekaru da yawa ana tsoron sa su atisaye mai tsanani, bisa zaton zuciyar da ke jinkirin tashi ba za ta iya ba. Masu bincike a Oslo, ƙarƙashin Kari Nytrøen, suka ƙalubalanci wannan. A binciken da suka buga a 2019, masu dashe 81 daga Nowe da Suwidin da Danmak sun fara atisaye kimanin wata uku bayan tiyata. Wasu suna yin minti huɗu na aiki mai tsanani, su sassauta, su maimaita har sau huɗu, wasu kuma suna tafiya matsakaiciya ba yankewa. Bayan wata tara duk sun ƙaru, masu tsananin sun fi, kuma atisayen bai jawo wa kowa wata babbar illa ba.

Ita kanta zuciyar ba ta dawwama a yanke. Daga wajen shekara guda, jijiyoyin zaburarwa sukan fara tsirowa su ratsa layin ɗinki. Ba sa rufe zuciyar duka, kuma ba ga kowa ba. Sun fi dawowa idan mai bayarwa da mai karɓa matasa ne, ciwon suga kuma yana kawo musu cikas. Bagus ta fi jinkiri, ga da yawa ma ba ta dawowa. A 2001 Frank Bengel da abokansa a Munich ta Jamus suka nuna da hoton na'ura cewa waɗanda jijiyoyinsu suka tsiro bugunsu ya fi hawa, kuma sun fi daɗewa a kan keke. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga kuma waɗanda suka kai abin maƙura. Kelly Perkins ta Amurka, da aka yi wa dashe a 1995, ta hau dutsen Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895 a 2001. Dwight Kroening na Kanada ya kammala gasar Ironman a 2008, iyo na kusan kilomita 4, keke na kilomita 180 da gudun kilomita 42 a yini guda, shekara 22 bayan dashensa. Ba kowa zai zama su ba, kuma zalunci ne a auna dattijon da ke fama da ƙoda da ma'auninsu. Amfanin labarinsu shi ne ya nuna cewa yanke jijiyoyin saƙo, shi kaɗai, bai kafa wa mutum iyakar da ake zato ba.

Hukunci

Idan aka jera zuciyar dashe da zuciyar haihuwa mai lafiya, ta haihuwa ta fi ta ko'ina: ta fi saurin amsawa, ta fi nisan hawa, ta fi saurin lafawa, tana kuma gargaɗi idan ta shiga matsala. Amma babu wanda aka taɓa ba zaɓi tsakanin waɗannan biyun. Zaɓin da ake yi tsakanin zuciyar da ta gaza ne da wadda ke aiki bisa wata ƙa'ida dabam, kuma rabin manyan da aka yi wa dashe suna wuce shekara 12 da ita. Kuskuren da ake yi shi ne a riƙe ta da dokokin ta haihuwa.

Dokokinta kuwa a fili suke. Ana ɗumama jiki minti 10 ko fiye kafin a shiga aiki sosai, don adirinalin ya iso. Ana sauka a hankali, ana ci gaba da taka ƙafa, ba a tsayawa cak. Ba a dogara da agogon auna bugu a watannin farko, domin lambarsa na bayan gaskiyar jiki. Ana aiki da yadda mutum ke ji, bisa ma'aunin Gunnar Borg na Suwidin da ke tafiya daga 6 zuwa 20, a nemi wajen 11 zuwa 14, inda ake haki amma ana iya magana. Ana haɗawa da ɗaga nauyi don tsoka da ƙashi, bayan ƙashin ƙirji ya haɗe, abin da kan ɗauki wata biyu zuwa uku. Idan likita ya ga alamar jiki na ƙin zuciyar, ko zazzaɓi ya shigo, sai a dakata. Duk wata sabuwar gajiya da ba a san dalilinta ba, a kai ta asibiti, kada a jira ciwon ƙirji.

Abin da na fi jin tsoro ga mai zuciyar dashe shi ne ƙaunar danginsa. Sun ga ya sha wuya, sun ga tabon ƙirjinsa, sun ji bugunsa na gudu ko yana zaune, sai kowa ya ce, "Zauna ka huta, bari a kawo maka." Niyyar kyakkyawa ce, amma tana mayar da shi kujerar da aka yi tiyatar don a tashe shi daga kanta. Iyalin da suka ɗauki nauyin dashe su sa watannin atisaye a hannun likitocin fisiyo cikin lissafi tun farko, daidai da kuɗin magani, su kuma samu wanda zai riƙa fita tafiya da shi kullum. Likitan tiyata ya yi rabin aikin, sauran rabin a ƙafafun mara lafiyan yake, kuma babu mai iya yi masa.